Wakis da folish: nawa ya kamata a shafa wa mota?

Dan_Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani. Wata uku ke nan da na sayi Corolla baƙa, 'yar Kwatano. Makon jiya na shiga Kano, na biya Ƙofar Ruwa na sayo gwangwanin wakis, wato kakin da ake shafa wa jikin mota, irin mai kaurin nan kamar man shanu. Ranar Asabar bayan azahar na wanke motar a ƙofar gida, na riƙa lakatowa da tsumma ina laɓta mata, tun daga bonet har but, sai da na cinye kusan rabin gwangwanin. Na bar shi ya sha iska kamar awa ɗaya. Da na zo gogewa sai ya ƙi fita, ya ƙame kamar busasshen koko a kwano. Ni da ƙanena muka yi ta dirza har la'asar sakaliya. Yanzu duk baƙar robar da ke gefen gilashi ta yi fari-fari, ramin tambarin gaba ya cika da shi, in rana ta haska kuma sai ka ga zane-zane a jikin fentin kamar saƙar gizo-gizo. Abin ya dame ni ƙwarai. Shin nawa ake sawa ne? Kuma folish da wakis abu ɗaya ne ko daban-daban?

Mai_Wankin_Mota_Gaya:
Wa alaikumus salam. Rabin gwangwani a mota ɗaya, Alhaji? Wallahi ya yi yawa nesa ba kusa ba. Gwangwani irin wannan mu a wajenmu yana yin mota goma sha biyar, wani lokacin har ya wuce. Ba da tsumma ake lakatowa ba. Sosonsa za ka ɗora a kai ka ɗan murza sau ɗaya ko biyu, abin da ya kama fuskar soson ya ishi ƙofa guda, ko rabin bonet. In ka shafa, ya zama sai ka karkata kai ta gefen haske kafin ka gane akwai wani abu a wurin. In kana hango farinsa daga nesa, ka zarce.

Direban_Maigatari:
Ni dai ban yarda da wannan ƙwauron ba. Shekarata ashirin da wani abu ina jan mota tsakanin Gumel da Maigatari, duk ranar Alhamis ina kan hanya saboda kasuwa. Ƙurar da muke sha ba irin ta cikin birni ba ce. In ka shafa ɗan kaɗan, iskar hunturu ta kwana biyu ta share shi. Ni cikawa nake yi, kuma motata ba ta taɓa kunyata ni ba.

MaiFenti_Wudil:
Baba Direba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka. Abin da ke zama a jikin fenti bayan an goge wani ɗan siririn lulluɓi ne wanda ido ba ya gani. Ko ka laɓta mudu guda, wannan siririn ne kawai zai manne, sauran duk tawul zai kwashe. Wanda ya sa kaɗan da wanda ya sa da yawa, bayan gogewa kariyarsu ɗaya ce. Bambancin dai shi ne mai yawan ya sha wuyar gogewa, kuma a garin dirzar nan ne ake yi wa fenti illa.

Dan_Ringim, zanen da kake gani ba wakis ne ya yi shi ba, dirzar ce. Ka bar shi awa ɗaya a waje, ƙura ta sauka ta manne a kai, ku kuma kuka bi da tsumma da ƙarfi. Kamar ka goga yashi ne a jikin motar. Baƙar mota kuwa ba ta rufa asiri, ko ɗan ƙanƙanin zane sai ta nuna.

Tambayarka ta biyu: ba ɗaya ba ne, duk da a shago komai folish ake ce masa. Folish yana da ɗan gari mai laushi a ciki wanda yake cin saman fenti kaɗan-kaɗan don ya daidaita zane. Ɗan'uwansa da ake kira kwamfawun ma haka, sai dai ya fi kaushi. Wakis ba ya cin komai, rufewa yake yi don ruwa da rana da kashin tsuntsu kada su taɓa fentin kai tsaye. Folish ne farko in akwai buƙata, wakis a ƙarshe. Akwai kuma wanda ake haɗa su biyun a kwalba ɗaya, sai a duba rubutun jiki.

Dan_Ringim:
Na gode Oga. To ke nan na lalata fentin? Gabana ya faɗi wallahi.

MaiFenti_Wudil:
Kwantar da hankalinka. Sa farcenka ka ja a hankali a kan zanen. In farce bai maƙale ba, a saman kiliya yake, wato fenti marar launi da ke can sama, folish zai fitar da shi. In ya maƙale, ya yi zurfi, wannan sai an gani da ido. Irin na dirza yawanci na sama ne.

Malamin_Kimiyya_BK:
Bari in ƙara a kan bayanin Oga mai fenti, don a san dalilin da ya sa ake cewa a yi hattara da folish. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa da ke kama ƙarfe, akwai mai launi, sai kiliya a sama. Dukansu in an haɗa kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), wato kusan kaurin takardar littafi. Kiliyar ita kaɗai wajen maikiron 40 zuwa 50 ce, ba ta ma kai kaurin gashin kai ba. Duk lokacin da aka yi folish ana ɗan rage ta, kuma ba ta tsirowa. Shi ya sa wanda yake kai mota a sa mata injin folish duk wata, wata rana zai ga rufin da bonet sun fara yin fari suna ɓarewa kamar fatar maciji. Mun sha ganin irin waɗannan motocin a hanyar Birnin Kudu zuwa Dutse. Rana tana da nata laifin a wannan, amma yawan ci da inji yana gaggauta shi.

Shi kuma wakis, mafi shahara ana samo shi daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Burazil, sunanta kanuba. Bishiyar tana fitar da shi ne don kare ganyenta daga zafi da bushewa. A asalinsa tauri gare shi sosai, sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, don haka ake cakuɗa shi da mai da wasu sinadarai masu tashi a iska don ya shafu. In ka shafa, waɗannan sinadaran ne ke tashi su bar kakin. Idan ka yi masa kauri, sama ya bushe ƙasa bai bushe ba, sai ka ga yana jan maiƙo in kana gogewa. Idan kuma ƙarfen ya ɗauki zafi, sai su tashi nan take, ya ƙame. Dan_Ringim ya ce bayan azahar ya yi, a ƙofar gida. Baƙar mota a ranar azahar ko tafin hannu ba ka iya ajiyewa a kanta.

Hajiya_Kazaure:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ya same ni ya fi kama da na Dan_Ringim ta wajen robar nan. Na ba da Sienna ta a wani wajen wanki, na ce a yi mata gyara saboda bikin ƙanwata. Yaron ya shafe har robar bamba da hannun ƙofa. Ran nan ta yi kyau, bayan kwana uku duk robar ta koma fari kamar an barbaɗa alli. Na yi baƙin ciki sosai don a ranar kai amarya ne. Har yau akwai sauransa a lungun madubi. Me ke fitar da shi don Allah?

Mai_Wankin_Mota_Gaya:
Hajiya, ki sami tsohon burushin goge baki mai laushi da ruwan sabulu mai ɗumi, a bi shi a hankali. Robar tana da ƙananan ramuka ne, a ciki yake maƙalewa. Abin goge fensir na 'yan makaranta, farin nan, shi ma yana ɗauke shi. Mu kafin mu fara muna manna tef ɗin takarda a bakin roba, ko kuma mu tsaya kamar faɗin yatsa kafin mu kai gare ta.

Dan_Acaba_Babura:
Ni duk wannan dogon lissafi ne. A tasharmu ɗan gas muke ɗigawa a tsumma mu goge tankin babur, nan take ya yi ƙyalli. Wasu ma baƙin mai suke sawa a taya. Me zai hana a yi wa mota haka, ga araha?

Bakanike_Dambatta:
Ɗan'uwa kada ka koya wa mutane wannan. Gas ba ya bushewa, maiƙo yake bari. Ka goge da safe, ka bi hanyar burji sau ɗaya, ka dawo ka ga yadda ƙura ta yi masa kunu. In ka zo share wannan ƙurar kuma ka zane fentin. Sannan mai yana cin roba, yana kumbura ta, baƙin mai a taya ba alheri ba ne. Wanda ya fi duka muni shi ne man birki. Na taɓa ganin wani ya goge bonet da shi wai yana fitar da tabo, washegari fentin ya tattare ya tashi. Ko ɗigo ne ya zuba a jikin mota lokacin da muke aiki, da gudu muke kawo ruwa.

Dan_Acaba_Babura:
To na ji. Man birki kam ban taɓa sawa ba. Amma gaskiya ƙurar da ka faɗa haka take, kullum sai na sake gogewa.

Direban_Maigatari:
Malam mai kimiyya, na karanta bayaninka kuma na ƙaru. Amma ku amsa mini wannan. In kaɗan da mai yawa duk ɗaya ne, me ya sa ni in na cika nake ganin ya fi daɗewa? Ba labari aka ba ni ba, da idona nake gani.

Malamin_Kimiyya_BK:
Baba, ina kyautata zaton abin da ke faruwa shi ne in ka cika ba ka tsallake ko'ina. Mai sa kaɗan in bai iya ba yakan bar gurbi, wani wuri ya samu wani bai samu ba. Maganin wannan shi ne a shafa siriri sau biyu, a bar tazara a tsakani, ko da zuwa washegari ne. Na biyun zai rufe inda na farko ya tsallake.

MaiFenti_Wudil:
Sau biyu na yarda da shi saboda dalilin da Malam ya faɗa. Amma masu cewa sau biyar sau shida yana ƙara kauri, ni ban ga haka a aikina ba. Sabon da ka shafa yana narkar da wani abu daga na ƙasa.

Direban_Maigatari:
To ni dai a bar ni da nawa. Amma zan gwada a ƙofa ɗaya in gani, ɗayar kuma in yi yadda na saba.

Manomi_Hadejia:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni ina ganin matsalarmu a karkara ba ta wakis ba ce, ta wanki ce. Kowa Omo yake zubawa a bokiti. Ka sayi wakis da tsada ka shafa, jibi yaro ya zo da garin sabulu ya wanke shi tas. Sabulun wanki an yi shi ne don ya cire maiƙo, shi kuwa wakis danginsa ne. Ga ruwan burtsatse, a wasu wuraren yana da gishiri-gishiri, in ya bushe a jikin mota sai ya bar ɗige-ɗige fari da ba ya fita da sauƙi. Ni Hilux ɗina da nake shiga fadama da ita, sabulun mota na ruwa nake sawa, murfi ɗaya ko biyu a bokiti, kuma ba na bari ta bushe da kanta, tawul nake bi da shi.

Uwar_Gida_Bichi:
Wannan gaskiya ne. Ga kuma masu share ƙura da busasshen tsumma kowace safiya. Maigidana kullum sai ya hana yara, amma da ya juya baya sai ka ga an ɗauko tsohuwar riga ana ta goga. Lokacin hazo ma har rubutu suke yi da yatsa a jikin but.

Mai_Wankin_Mota_Gaya:
Busasshen tsumma a kan ƙura shi ne babban mai kashe fenti a ƙasar nan, Hajiya. Gara a bar ta da ƙurarta har a sami ruwa. In za a wanke a fara watsa ruwa ya sauke yashin kafin soso ya taɓa. Bokiti biyu muke ajiyewa, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso. Soson taya kuma daban, ba ya hawa jiki.

Dan_Ringim:
Ina ta karantawa, Allah ya saka da alheri. Na gwada farce kamar yadda Oga ya ce, bai maƙale ba, alhamdu lillahi. To in na sami folish, shi kuma nawa zan sa? Kada in maimaita kuskuren farko.

MaiFenti_Wudil:
Madalla. In da hannu za ka yi, ɗigo biyu zuwa uku kamar ƙwayar wake a kan soso, ka yi aiki a wuri kamar faɗin zira'i ɗaya kowane gefe, kada ka wuce. Ka murza da ɗan nauyin hannu har ka ga farinsa ya fara komawa kamar ruwa, sannan ka share da tawul mai laushi tun bai bushe ba. A nan ya bambanta da wakis: folish ba a barinsa ya bushe, aikinsa a cikin murzawa yake. In ka cika shi, soson zai jiƙe ya riƙa santsi a banza ba ya cin komai. Masu inji ma ɗigo uku ko huɗu suke sawa a faifan. In ka ga inji yana feshin fari a gilashi da rigar mai aiki, an cika ne.

Ka fara da wuri ɗaya da ba a cika gani ba, kamar ƙasan ƙofar baya. Ka duba soson bayan ka murza. In ya ɗauko baƙi irin launin motar, to wannan ɓangaren an taɓa sake masa fenti marar kiliya, irin wanda muke kira Autocryl. Mai kiliya a sama shi ne Autobase. Motocin Kwatano da yawa an taɓa wani gefe nasu kafin su iso, mai saye bai sani ba. Ba abin tsoro ba ne, amma ka sassauta hannu, musamman a kan kusurwa da gefen ƙofa, nan fenti ya fi siriri.

Bakanike_Dambatta:
Oga mai fenti, tunda ka taɓo sabon fenti, wani abokin aikina an fesa wa Golf ɗinsa fenti sati biyu da suka wuce, yana so ya sa wakis kafin ya kai ta kasuwar Lahadi. Ya halatta?

MaiFenti_Wudil:
Ya dakata. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, a hankali ko da ya bushe a hannu. In ka rufe shi da wakis ka toshe masa numfashi, sai ya dushe. Ni ina ce wa masu kawo mini aiki su ba shi wata ɗaya aƙalla, in sun iya haƙurin wata biyu zuwa uku ya fi. Ruwa da sabulun mota kawai a wannan tsakanin.

Alhaji_Na_Gumel:
Ni fa ina mamakin wannan wahala. Motar da gobe za ta ɗauko buhun gero da awaki, ta bi ta cikin yashi, me wakis zai yi mata? Ku sayi mai ku zuba, ku canza baƙin mai a kan lokaci, shi ne kula da mota.

Hajiya_Kazaure:
Alhaji, ranar da za ka sayar za ka ga amfaninsa. Dillali jiki yake fara kallo kafin ya buɗe inji. Kuma ni ko ba don sayarwa ba, abin da mutum ya sha wuya ya saya ya kamata ya riƙe shi da kyau.

Manomi_Hadejia:
Kuma yana sauƙaƙa wanki, Alhaji. Taɓon fadama in ya bushe a jikin motar da ke da wakis, ruwa kawai kake watsawa ya zube. Wadda ba ta da shi sai ka kankare. Kashin tsuntsu ma haka. Duk muna son inuwar darbejiya, amma abin da ke zubowa daga sama in ya kwana biyu a rana sai ya ci kiliya ya bar tambari.

Alhaji_Na_Gumel:
Wannan na kashin tsuntsu na gani a rufin tawa. Amma har yanzu ina ganin na masu motar gayu ne.

Uwar_Gida_Bichi:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Ta yaya mutum zai san lokacin gogewa ya yi, kuma bayan wata nawa ake sakewa?

Mai_Wankin_Mota_Gaya:
Yatsa ne ma'auninmu. Bayan 'yan mintuna, in ya yi hazo-hazo, ki ja yatsa a kai. In wurin ya fito fes yana ƙyalli, a goge. In ya ja maiƙo, a ƙara masa ɗan lokaci. A nan da iska ta bushe, musamman da hunturu, minti biyar zuwa goma ya isa, shi ya sa ba ma shafe mota gaba ɗaya sannan mu dawo. Ƙofa biyu, a goge, a ci gaba. Da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, ƙarfe da sanyinsa. Wakis na ruwa kuma wanda ke cikin kwalba, cokali biyu na cin abinci ya zagaye ƙaramar mota.

Sakewa kuma ruwa ne zai gaya miki. In kin watsa ya tattaru ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, da saura. In ya shimfiɗe ya kwanta, ya ƙare. Da zafin bazara, motar da ke kwana a waje ba ya wuce mata wata ɗaya zuwa biyu.

Malamin_Kimiyya_BK:
Akwai kuma wanda ba na bishiya ba, na haɗin sinadari, shi ya fi jure zafi, yakan kai wata huɗu zuwa shida. Ga yanayinmu ni shi na fi so. Shi ma siriri ake sawa, har ya fi na kanuba rashin son yawa.

MaiFenti_Wudil:
Ya fi daɗewa kam, amma a baƙar mota ni idona ya fi son ƙyallin na kanuba, yana da wani zurfi. Tunda Dan_Ringim yana da sauran rabin gwangwani, ya fara cinye shi tukuna, zai kai shi shekara.

Dan_Ringim:
Yau da sassafe bayan asuba na shigar da ita rumfar maƙwabcina. Na wanke, na tsane ta, na gwada folish ɗigo uku a ƙasan ƙofar baya. Soson bai ɗauko baƙi ba, zanen kuma ya ragu sosai, sai wanda ba a rasa ba. Na sa wakis siriri a wurin, minti bakwai na ja yatsa ya fito fes, shafa ɗaya tawul ya ɗauke. Ƙofa ɗaya kawai na yi don hannuna ya gaji, sauran sai Asabar. Robar gilashi kuma burushi ya fitar da rabi, na cikin tambarin ne ya ƙi.

Mai_Wankin_Mota_Gaya:
Na tambarin ka naɗa ɗan auduga a tsinken sakace, ka jiƙa da ruwan ɗumi ka bi ramin. Kada ka sa allura ko reza.

Direban_Maigatari:
Ni ma na yi nawa gwajin jiya, ƙofar dama kaɗan, ta hagu yadda na saba. Ta daman ta fi saurin goguwa, wannan na yarda. Saura in ga wadda za ta riga sakin ruwa. Alhamis uku masu zuwa zan dawo in faɗa muku.